YADDA LANTARKI YA KE KORA GISHIRI CIKIN GILASHI

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a makarantun firamare na cikin garin Jalingo, ni aka ba ni aji shida. Ran nan na shirya darasi a kan lantarki. Na raba allo biyu, a hannun dama na jera abubuwan da lantarki ya ke bi ta cikinsu, su tagulla da baƙin ƙarfe da ruwan gishiri, a hannun hagu kuwa waɗanda ba ya bi, su roba da busasshen itace da gilashi. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa lantarki ba ya ratsa gilashi har abada. Yara duka suka kwafe cikin littattafansu.

Malaminmu na Kimiyya, wanda ya zo duba ni, yana zaune a bayan aji, bai ce uffan ba. Da aka tashi sai ya karɓi littafin shirin darasina, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "har abada", ya rubuta a gefe, "Gilashi mai sanyi ka ke nufi. Je ka bincika." Na ce, "Malam, ai haka aka koya mini tun ina ƙaramin yaro." Ya ce, "To, kai ma ga shi ka koya wa waɗansu. Haka kuskure ya ke yin jikoki."

Maganan nan ta hana ni barci. Na yi mako uku ina bincike a ɗakin karatu, ina kuma damun Malam da tambaya. Abin da na samo shi ne na ke so in kawo muku, 'yan'uwana ɗalibai, gama gobe ku ma za ku tsaya gaban allo da alli a hannu.

MENE NE GILASHI?

Gilashin kwalba da na taga abu uku a ke haɗawa a yi shi. Na fari yashi, irin wanda a ke ɗiba a Kogin Lamurde don gini, sai dai nasu fari ne tas, marar datti. Na biyu soda, watau gishirin nan da ke cikin kanwa. Na uku farar ƙasa. Cikin kashi 100, yashi ya kan ɗauki kashi 70 da ɗoriya, soda wajen 14, farar ƙasa wajen 10. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,700 a ma'aunin Salsiyas, amma in an zuba masa soda sai ya sauko, ya narke da wutar da tanderu zai iya bayarwa.

Kada wani ya zaci sana'ar Turawa ce kaɗai. A Ile-Ife, a wurin da a ke kira Igbo Olokun, masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar cewa ana dafa gilashi tun ƙarni na 11. A Bida kuma akwai unguwar Masaga, inda Nufawa su ke yin ƙarau da duwatsun wuya. Kakanninsu da yashi da kanwa su ke dafa nasu, kafin fasassun kwalabe su yawaita su sauƙaƙa musu aikin.

To, mun sani ko wane abu a duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. A cikin gilashi ƙwayoyin yashi, watau silikon da iskar oksijin, suna riƙe da juna kam, kamar ragar masunta da aka cukurkuɗe. Cikin ramukan ragan nan ne ƙwayoyin sodiyam su ke zaune, waɗanda soda ta kawo. Su ba a ɗaure su ke ba, an dai sa su ne a rami. Ko wace ɗaya kuwa ta yar da ilektaron guda, saboda haka tana ɗauke da ɗan lantarki irin mai alamar tarawa, wadda ku ke gani a kan batir. Ƙwayar zarra mai ɗauke da lantarki haka ita masana su ke kira ayon. Ka'idarta ɗaya ce, ta kan guje wa gefen batir mai alamar tarawa, ta nufi gefe mai alamar ɗebewa.

In gilashi yana da sanyi, ragar a tsuke ta ke, sodiyam ba ta iya fita daga raminta sai da ƙyar. Shi ya sa a ke rataye wayoyi da fayafayan gilashi ko na tangaran a bisa manyan turakun lantarki. Amma in aka gasa shi ya kai digiri 300, ko da ya ke bai narke ba, yana nan da taurinsa, sai ƙwayoyin su shiga tsalle daga rami zuwa rami. Tafiyar abu mai ɗauke da lantarki kuwa ai ita ce gudun lantarki.

MUTUM BIYU DA SUKA GWADA

Wani masani Bajamushe, Emil Warburg, shi ya tabbatar da wannan a shekarar 1884. Ya zuba zaiba cikin bututun gilashi, ya tsoma bututun cikin wata zaibar, ya gasa, ya haɗa ciki da waje da batir. Sa'ad da zaibar gefen tarawa ta ke gauraye da sodiyam, lantarki ya yi ta wucewa, sodiyam tana shiga ta wannan fuska tana fita ta waccan, gilashi kuwa garau. Da ya sa zaiba zalla, sai lantarki ya fara gudu, jim kaɗan ya ragu ƙwarai. Dalili, sodiyam ta gefen nan ta ƙaura, ba wadda ta maye gurbinta, sai wurin ya zama kamar kufai, ba mai ɗaukar kaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1925 kuma wani Ba'amurke, Robert Burt, ya yi abin da ya fi wannan ban mamaki. Ya ɗauki ƙwan lantarki irin na dā, mai siririyar waya a ciki, wanda aka zuƙe iskarsa. Ya kunna shi, ya tsoma gindinsa cikin narkakken gishirin da a ke kira sodiyam naitiret, ya haɗa gishirin da gefen tarawa. Siririyar wayar da ta yi ja tana feso ilektaron zuwa bangon ƙwan ta ciki, sodiyam kuma tana ratso gilashin daga waje, su gamu, ta koma ƙarfe. Ba a daɗe ba sai ga ƙarfen sodiyam ya lulluɓe cikin ƙwan yana ƙyalli kamar madubi, alhali ƙwan a rufe ya ke, ba huda ko ta allura.

Ina roƙonku kada wani ya ce zai gwada wannan a ɗakin kwana. Narkakken gishiri ya fi tafasasshen man gyaɗa ƙuna nesa ba kusa ba, ƙarfen sodiyam kuwa in ya taɓa ruwa wuta ya ke kamawa.

MUSAYA

Tun da sodiyam tana iya fita, ashe wata ƙwayar tana iya shiga raminta. Wannan shi ne musayar ayon. Mutane sun daɗe suna yinta ba su san sunanta ba. A Masar tun ƙarni na 8 masu gilashi su kan shafa haɗin azurfa da tagulla a jikin kofi, su gasa, launi ya kama. A Turai kuma daga farkon ƙarni na 14 haka a ke samun ruwan ɗorawan nan na tagogin manyan majami'u. In ka kankare irin tagan nan da wuƙa launin ba ya fita, gama azurfar ta shige cikin jikin gilashin, sodiyam ta ba ta wuri. Sai a 1913 wani Bajamushe, Günther Schulze, ya auna yadda azurfa ta ke shiga gilashi daga narkakken gishirinta.

Musayar da ta fi shafar aljihunmu ita ce ta sodiyam da potasiyam. Potasiyam ba baƙo ba ne, shi ne ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata su ke tacewa don miya. Ƙwayarsa ta fi ta sodiyam faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku. A 1962 Samuel Kistler na Jami'ar Utah a Amurka ya nuna cewa in an tsoma gilashi cikin narkakken potasiyam naitiret, gishirin nan da a ke haɗa albarushi da shi, sai potasiyam ya shiga ramukan sodiyam na fatar gilashin, ƙarfinsa ya ninka.

Ƙaƙa babbar ƙwaya ta ke ƙara ƙarfi? Ku dubi mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Ba ya iya yaga yadi da hannu sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sa'an nan ya ja, ya tafi ƙeee har ƙarshe. Gilashi ma haka ya ke. Fatarsa cike ta ke da 'yan tsage-tsagen da ba a gani, in an tanƙwara shi sai bakin tsaga ɗaya ya buɗe, ya zarce. Yanzu ku ɗauki bencin aji mai cin yara shida 'yan aji ɗaya, a tashe su a zaunar da 'yan aji shida su shida, bango a dama, bango a hagu. Za su matsu har ba mai iya sa hannu tsakaninsu. Haka potasiyam ya ke matse fatar gilashi, bakin ko wace tsaga ya rufe. Kafin gilashin ya fashe sai an fara rinjayar matsin nan tukuna.

Kamfanin Corning na Amurka ya fito da irin wannan gilashi a 1962 da sunan Chemcor. Daga baya ya gyara shi ya zama Gorilla Glass, aka sa irinsa a fuskar iPhone ta fari a 2007. Yau galibin wayoyin hannu masu kirki da gilashin da aka yi wa wankan gishiri a ke rufe su. A kan yanka shi daidai girman wayar tukuna, kāna a tsoma shi cikin gishiri mai zafin wajen digiri 400, ya yi sa'o'i.

Ni kaina na sayi wannan ilimi da kuɗina. Bara fuskar wayata ta fashe, mai gyara ya nuna mini gilashi iri biyu, ya faɗi kuɗin ko wanne, na zaɓi mai araha, na ce ai gilashi gilashi ne. Bai yi mako biyu ba ya tsage cikin aljihuna. Araha ba ta ado. Amma ko mai tsadar ma a kula, gama fatar da aka matse siririya ce ƙwarai. Yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Ƙwayar yashi ɗaya a aljihu, ko goge fuskar waya da busasshen tsumma cikin ƙurar hunturu, yana iya yin ƙarzar da za ta huda fatan nan.

KORA DA LANTARKI

Wankan gishiri yana da aibi ɗaya, watau nawa. Ba mai gaya wa ƙwayoyin inda za su. Ko wace ɗaya tsalle ta ke yi gaba, baya, dama, hagu, kamar shanun da aka sake a fadama ba makiyayi. A hankali dai waɗansu za su yi nisa, amma lissafin masana ya nuna in kana son zurfin ya ninka biyu sai ka ninka lokaci huɗu, in kana son ya ninka uku sai ka ninka lokaci tara. In ka ce bari ka ƙara wuta don a yi sauri, sai ragar ta saki, matsin da ka ke nema ya zube.

Nan ne lantarki ya ke shigowa, ya zama makiyayi da sanda. A kan sa faifan gilashi ya raba tsakanin gishiri biyu narkakku, ko kuwa a shafa masa ƙarfe a baya. A haɗa gishirin gaba da gefen tarawa, na baya da gefen ɗebewa. Sai jan lantarki ya ratsa kaurin gilashin, ya sa ƙwayoyin duka su fuskanci hanya ɗaya. Sodiyam ta yi gaba ta fita ta baya, baƙuwar ƙwaya, ko potasiyam ko azurfa, ta biyo sawunta. Zurfin da ta ke kaiwa gwargwadon yawan lantarkin da ya wuce ne, saboda haka mai aikin yana iya duban ma'auninsa ya san inda aka kai, ya kashe a daidai lokacin da ya ke so. Aikin ya fi sauri, ana iya yinsa da zafi kaɗan, iyakar baƙuwar ƙwaya kuma ta kan fito a shate kamar kunyar gona.

Amma fa lantarkin ya zama mai bin hanya ɗaya, irin na batir ko na sola. Wutar da a ke kawo mana gida tana juyawa gaba da baya sau 50 cikin daƙiƙa guda, saboda haka ƙwayar da ta kora gaba yanzu, yanzu za ta komo da ita.

Wani zai ce, to, don me ba a yin gilashin waya duka ta haka? Domin lantarki fuska ɗaya ya ke cusa wa potasiyam. In fuska ɗaya ta kumbura ɗayar ba ta kumbura ba, sai faifan ya lanƙwashe kamar katakon da ruwa ya jiƙa gefe guda. Hana gishirin gaba ya zagaya ta baki ya gamu da na baya shi ma aiki ne. Saboda haka masu gilashin waya da wanka su ke yi, kora da lantarki kuwa ta sami gida a waɗansu ayyuka biyu.

Na fari, hanyar haske. In azurfa ko wata ƙwaya mai kama da ita ta shiga gilashi, haske ya kan rage gudu a wurin, ya kuma maƙale a ciki, ya bi shi kamar ruwa cikin lambatu. A 1972 waɗansu Japanawa biyu, Izawa da Nakagome, suka nuna yadda za a yi irin hanyan nan cikin faifan gilashi da jan lantarki. A kan rufe fuskar gilashin, a bar siririn layi kaɗai a buɗe, ƙwayoyin su shiga ta nan. Sa'an nan a sāke kora su da lantarki su nutse ƙasa, sodiyam ta biyo ta rufe bayansu, hanyar ta zama a binne inda ƙura da ƙarza ba su kai. In an zana layin ya rabu biyu, ko wanne ya sāke rabuwa, sai hasken zaren gilashi guda mai ɗauke da intanet ya rabu zuwa gidaje da yawa.

Na biyu, liƙi ba da gam ba. Kun tuna kufan Warburg? A 1969 George Wallis da Daniel Pomerantz a Amurka suka mai da shi abin amfani. A kan ɗora faifan silikon a bisa gilashi, a gasa su zuwa digiri 300 ko 400, a ba su bolt ɗari-ɗari, silikon yana gefen tarawa. Sodiyam ta gudu daga inda suka haɗu, wurin ya saura da lantarki irin na ɗebewa, ya jawo silikon da ƙarfi har su manne, iska ma ba ta ratsawa. Da haka a ke rufe ƙananan na'urori masu yawa na awon matsin iska da na ruwa, irin waɗanda a ke sa wa motoci da kayan asibiti.

INDA YA KE ƁARNA

Abin da ke yi maka aiki in ka sa shi, yana iya yi maka ɓarna in ya sa kansa. Ku dubi farantan sola da suka yawaita a garin nan, a bisa rijiyoyin burtsatse da asibitoci da makarantu. Fuskar ko wane faranti gilashi ne mai sodiyam, bakinsa kuma ƙarfen alminiyam ne da a ke haɗawa da ƙasa. In an jera farantai da yawa bi da bi, ƙarfinsu ya kan taru ya kai bolt ɗari-ɗari, a manyan tashoshi har 1,000 ko 1,500. Ga jan lantarki mai bin hanya ɗaya, ga gilashi, ga zafi. Zafin rana bai kai na tanderu ba ko kusa, amma aikin kullum ne, shekara da shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. A hankali sodiyam ta kan sulale daga gilashin ta shiga ƙwayoyin solar da ke ƙarƙashinsa, ta buɗe wa lantarki ɓarauniyar hanya, faranti ya yi ta rage ƙarfi alhali a ido lafiyarsa lau. Tun wajen 2010 masana su ke ta rubutu a kan cutan nan, sun kuma tabbatar zafi da laima su ne ke iza ta. Mu kuwa muna da zafin Maris da Afrilu, muna da laimar damina.

Mai faranti ɗaya ko biyu a gida, na bolt 12 ko 24, kada ya ta da hankalinsa. Amma wanda wata rana zai zama hedimasta, ko ɗan kwamitin rijiyar unguwa, ya kamata ya san abin da zai tambaya kafin a kashe kuɗin jama'a. Akwai gwajin da a ke yi wa farantai a kan wannan cuta, mai lamba IEC 62804, sai a nemi takardar shaidarsa. A kuma sa mai haɗawa ya rubuta ƙarfin da farantan su ke bayarwa ran da aka kafa su, domin a sami abin gwadawa bayan shekara. In cutar ta kama, akwai na'urar da ke juya jan lantarkin da dare ta kora sodiyam baya, ta kan kuwa maido da wani abu daga cikin ƙarfin da ya ɓace.

ABIN DA ZA MU KAI AJI

Ba mu da tanderu a firamare, amma ga gwaji uku da ba su da haɗari. Ku haɗa batir uku na tocila da ƙaramin ƙwai irin na tocilan zamani, ku bar bakin waya biyu a sake. Ku cusa su cikin busasshen gishiri, ƙwai ba zai kama ba. Ku zuba ruwa gishirin ya narke, sai ya kama. Ku tambayi yara me ya sāke, tun da gishirin dai shi ne. Amsa ita ce ƙwayoyin sun sami hanyar tafiya, ruwa ya yi musu abin da zafi ya ke yi wa na gilashi. Na biyu, ku ɗiga shuɗin wanki cikin kwanon ruwan da ya kwanta, su ga nawar yaɗuwar da ba mai kora. Na uku, ku jera akwatunan ashana takwas, yaro ya matse su tsakanin tafin hannunsa ya ɗaga su gaba ɗaya, sa'an nan ya sassauta su zube. Wannan shi ne ƙarfin matsi.

Ran Jumma'ar ƙarshe ta gwajin koyarwa na nemi izinin hedimasta na koma ajin nan. Na ce su buɗe littattafansu, su soke "har abada", su rubuta "in yana da sanyi". Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe malamai ma suna yin kuskure?" Na ce mata suna yi, ni ne shaida, abin kunya shi ne a gane a ƙi gyarawa. Muka yi gwajin gishiri, ƙwai ya kama, aji ya ɗauki sowa har malamin aji biyar ya leƙo.

Iyakar abin da na samo ke nan. Wanda ya ga inda na kauce cikin bayanin nan, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita, a buga a fitowa ta gaba, mu ƙaru gaba ɗaya. Ina gode wa Malaminmu na Kimiyya saboda jan bironsa. Allah shi ba mu haƙurin bincike kafin mu ɗauki alli.